Jan Ƙyalle a Ƙofar Ɗakin Fenti

Ranar Litinin da safe Kawu ya buɗe kwaɗon rumfarsa, ya ja ƙofar ƙarfen, ya tarar babu motar. Kwaɗon lafiyarsa ƙalau. Tamfol ɗin da muke lulluɓe ta da shi yana ninke a kan benci. Tiren da muke tara baƙin man da ke ɗiga daga cikinta an ja shi gefe, ko ɗigo bai zube ba.

Ina tsaye a bayansa da kofin shayi biyu. Ya shafa aljihun rigarsa, ya mayar da ƙofar ya kulle, ya ce kada in bar kowa ya taka ciki.

Motar ja ce, kujera biyu, rufinta na yadi ne da ake naɗewa baya. Shekararta hamsin da biyu, kuma fentin da ke jikinta shi ne wanda ta fito da shi daga kamfani. 'Yan fili suna kiranta Tsohuwa. Ta wata likita ce da ta yi ritaya, mijinta ya rasu ya bar mata ita a ƙarƙashin ƙura. Wata huɗu Kawu ya yi yana tashin injinta. Nawa aikin shi ne waya: in ɗauki hoto, in rubuta talla a kasuwar intanet ta masu tsofaffin motocin tsere, in amsa saƙon masu saye da na masu ɓata lokaci. Har mun sami mai saye na gaske, ranar Asabar zai iso.

Filin namu rumfa goma sha ɗaya ce da babbar ƙofa ɗaya. Kafin shayin ya huce kowa ya ajiye sifanarsa ya zo. Ba wanda ya kira sunana, amma duk idon da ya bar kwaɗon a kaina yake sauka. Makulli biyu ne, ɗaya na Kawu, ɗaya nawa. Ni kuma an san ni. Na bar makaranta a aji uku, na taɓa walda na bari, na taɓa tuƙi na bari, na sayar da wayoyi na bari. Ana kirana Sawu tun ranar da na bi zanen tayar keken Kawu da aka sace har bayan wani gidan burodi, amma wannan safiyar kowa ya manta da labarin keke.

Sai wani mai gyaran wutar mota ya ɗaga wayarsa. An sake sa Tsohuwa a kasuwa, a wani asusu da ba wanda ya sani, da hotunan da na ɗauka da hannuna. Na ce hoto duk mai yatsa zai iya kwafarsa. Aka yi gunaguni. Mai-fenti ne kaɗai ya tsaya mini. Mutum ne mai fara'a, sai dai in ya ga ka dafa jikin mota da tafin hannu, nan ne za ka sha faɗa. Ya ce a ji tsoron Allah, yaro ba ya zama ɓarawo don ya iya latsa waya.

'Yan sanda biyu suka zo, suka yi wa Baba Maigadi tambayoyi. Ya rantse jiya Lahadi, da fili ke rufe, bai motsa daga bakin ƙofa ba, kuma bai ga mota ta fita ba. Suka dubi juna irin kallon an saye tsoho. Suka leƙa rumfuna ɗaya bayan ɗaya, har suka zo ɗakin fenti. A hannun ƙofar akwai jan ƙyalle a ɗaure. A filinmu wannan ƙyallen doka ne: in yana rataye, akwai ɗanyen fenti a ciki, kuma ƙwayar ƙura ɗaya tana iya kashe aikin mako guda. Ko gobara ce sai ka yi sallama daga waje. Mai-fenti ya ce tun Asabar da yamma ya fesa motar wani babban kwastoma. Ciyaman, mai sayar da kayan gyara wanda ke shugabantar filin, ya yi musu bayanin al'adar, suka wuce.

Da suka tafi, Ciyaman ya ja Kawu gefe, amma da muryar da kowa zai ji. Ya ce sunan fili ya fi sunan mutum ɗaya. Ko dai Kawu ya miƙa ni da hannunsa ya ce ba ruwansa, ko kuma ranar Alhamis bayan la'asar ya ajiye makullin rumfar da ya yi shekara talatin da ɗaya a ciki.

"Ɗan ƙanwata ne," in ji Kawu. "Ba taya ba ce da zan cire in jefar don ta yi faci. Alhamis ɗin ta zo."

*

Da rana, da mutane suka koma bakin aiki, muka shiga rumfar ni da shi muka ja ƙofa. Kawu ya ciro abin da yake ta shafawa a aljihu. Rota ce, wani ɗan abu kamar kan babban yatsa da ke raba wuta ga fulogai. Tsohon makanike ba ya barin mota mai daraja da rotarta a ciki. Ya ce ko wanda ya ƙera Tsohuwa ne ya zo ba zai tashe ta ba, kuma irin wannan rotar sai an yi odarta an jira wata guda.

Ashe tura ta aka yi.

Na kwanta rub da ciki da fitilar waya. Ƙasan rumfar ƙura ce da ta sha mai shekara da shekaru, tana riƙe sawu kamar sabulu. Ga layin tayoyinta biyu, sirara, sun miƙe zuwa ƙofa. Na nemi sawun masu turi a tsakaninsu, inda mutum ke dafa but ɗin bayan mota ya kafe yatsun ƙafa. Babu. Ko ɗaya. Abin da na gani yana gefen layin hagu ne: sawun mutum ɗaya, silifar roba irin wadda rabin filin ke sawa, amma ba gaba take kallo ba. A karkace take, tana fuskantar motar, taku gajeru a jere kamar mai tafiyar ƙaguwa.

Na tambayi Kawu ko ya taɓa ganin mai tura mota yana tafiya da gefe. Ya ce shi dai tun da bayansa ya riƙe shekara biyar da suka wuce bai tura ko amalanke ba.

A waje kuwa babu abin karantawa. An yayyafa wa ƙasa ruwa, ƙafafu talatin sun tattake ta.

*

Talata na tafi wurin Mai-zobe. Dillalin tsofaffin motoci ne, yatsunsa takwas duk da zobe, kuma tun ranar da na sa tallar yake damuna da saƙo. Sau biyu ya zo ya zagaye Tsohuwa, ya taya, Likita ta ƙi. Da zai tafi na biyun ya ce ko ba daɗe ko ba jima motar nan a garejinsa za ta kwana. Wannan maganar ce ta hana ni barci.

Na same shi a ƙarƙashin rumfar gilashi tsakanin motoci shida, yana cin gyaɗa. Ban ɓoye abin da ya kawo ni ba. Yayin da yake dariya na zagaya ina duba ƙasa. Tayoyin motocinsa duk sun fi na Tsohuwa faɗi, kuma ƙurar da ke ƙarƙashinsu ta daɗe ba a taɓa ta ba.

Ya ce in gama leƙe-leƙena in zauna. Mutum dubu tara sun kalli tallar nan, in ji shi, masu wannan harka a ƙasashe goma sun san Tsohuwa har da ɗan lotsawar da ke bambar baya. Wanda ya sace ta ya saci abin da ba zai iya fita da shi ƙofar gida ba. Sannan ya juyo mini wayarsa. Shi ma ya ga tallar ta biyu, ya aika saƙo don ya ji bakin mai ita. An ba shi amsa ɗaya: mota za ta kammala nan da kwana goma, kuma mai saye ya zaɓi launin da yake so.

"Ka ji jahilci," ya ce yana kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga cikinsa. "Rabin darajarta wannan tsohon jan ne. Ya canza mata launi ya ɓoye ta, amma ya yanka ta."

Ya ce in an kama mutumin in kira shi, yana so ya ga fuskarsa.

*

Daga nan na wuce gidan Likita, don an ce ɗanta bai so a sayar da motar ubansa ba. Ta bar ni a tsaye a baranda. Ta tagar falo na hango ɗan nata a kujera, ƙafarsa ɗaya cikin filasta har cinya, sandunan dogarawa a jingine da bango. Na haɗiye tambayar da na zo da ita.

Ta cire tabarau ta dube ni yadda take duban marar lafiyar da ya ce yana shan magani alhali ba ya sha.

"Kai ne?"

"Ba ni ba ne, Mama."

Ta ce 'yan sanda suna so ta rubuta sunan wanda take zargi, kuma sunana suka faɗa mata ta rubuta. Mijinta shekara ashirin yana kai wa Kawu mota, ko tsinken ashana bai taɓa ɓata a ciki ba. Don haka za ta riƙe biro har Alhamis, za ta kuma zo taron da kanta. Bayan nan kada in sa rai da ita.

A gida Inna, matar Kawu, ta riga ta haɗa mini kaya a jaka. Ta ce in tafi wurin yayanta in yi wata biyu har ƙura ta lafa. Ita ta raine ni tun ina shekara shida, ban saba yi mata musu ba. Na ce Inna, duk abin da na fara a rayuwata na gudu na bar shi, kuma ba wanda ya yi asara sai ni. Wannan in na gudu, rumfar Kawu ce za ta bi ni. Ta ce taurin kai ne. Kawu, da ke wanke hannu a bakin famfo, ya ce ta mayar da kayan, jakar tasa ce, yana bukatarta.

*

Laraba tun da safe na zauna kusa da Baba Maigadi. Tsoho ne da ba ya iya ƙarya, in ya yi sai ya riƙa gyara hula. Tun Litinin hular ba ta zauna wuri ɗaya ba. Na dubi kekensa da ke jingine. A cikin madgad, murfin saman taya, akwai busasshen jan laka, kuma wuri ɗaya ake samun irinsa kusa da mu, inda ake haƙa kwalbati a hanyar asibiti.

Na tambaye shi jikin mai ɗakinsa.

Ya sake gyara hula. Sannan ya ce ranar Lahadi aka kira shi an kwantar da ita. Ya tafi da azahar, bai dawo ba sai bayan la'asar. In Ciyaman ya ji ya bar bakin aiki, korarsa zai yi, ga mara lafiya a gado. Amma kafin ya tafi ya sa wa babbar ƙofa nasa kwaɗon, wanda ba mai makullinsa sai shi. Ya ja igiya daga wuyansa ya nuna mini. Ƙaramar ƙofar mutane kawai ya bari a saye. Da ya dawo kwaɗon yana nan yadda ya bar shi, kuma daga nan har wayewar gari bai gusa ba.

Ta ƙaramar ƙofar ko babur da ƙyar yake shiga.

Na ce masa ya gyara hularsa ya kwantar da hankali, in da hali ba zan kira sunansa ba. Na miƙe na dubi filin daga wannan bango zuwa wancan. Jiya yini guda ina yawo a gari ina neman motar da ba ta taɓa fita ba.

Na koma bayan rumfarmu inda wata tsohuwar tasi ke ajiye babu inji. Na share ƙasa, na tura ta ta baya, na duba sawuna. Ba shi ba ne. Na buɗe ƙofa na riƙe sitiyari na tura da kafaɗa. Ba shi ba ne. Na ja ta da bamba. Zufa ta jiƙa ni, masu wucewa suna tambaya ko zargin ne ya taɓa mini kai. Can na gaji na tsuguna, na dafa tayar baya don in huta. Motar ta motsa. Na sa hannu biyu a saman tayar na mirgina ta, na matsa taku ɗaya gefe, na sake mirginawa. Bayan taku goma na waiwaya. Ga tafiyar ƙaguwar nan a ƙasa, sak.

Sauran yinin ban yi komai ba sai zama a kan tsohuwar taya ina saurare. Guduma, injin walda, rediyon mai gyaran kujerun mota. Akwai ƙarar da kunnena ya saba da ita a filin nan wadda babu ita, kuma sai yanzu na lura tun yaushe.

*

Alhamis bayan la'asar aka jera bencina a tsakiyar fili. Duk masu rumfa sun zo. Likita ta zauna a kujerar roba da jakarta a cinya. Sajan ɗin 'yan sanda yana tsaye a inuwa. Mai-zobe ma ya zo da gyaɗarsa, don na kira shi.

Tun da rana na roƙi mai kujeru ya ara mini motar wani kwastomansa, baƙa, an goge ta tana ɗaukar ido. Na cire kan batir na bar ta a gicciye daidai inda Ciyaman ke ajiye teburinsa. Ƙasan da ke kewaye da ita na share shi sumul na yayyafa ruwa kaɗan.

Ciyaman ya zo ya ga babu wurin tebur, ya fara faɗa. Na ce batir ne ya mutu, a taimaka a matsa da ita. Mutum bakwai suka taso. Shida suka nufi baya, suka dafa but da gilashi. Na bakwai ya ce kai, ku ɗauke hannuwanku, maiƙon tafi yana cin fenti. Ya tsuguna a gefen hagu, ya sa hannu biyu a kan tayar baya, ya fara mirginawa yana matsawa da gefe.

Na bari suka yi taku goma, sannan na ce kowa ya tsaya inda yake.

Na nuna musu ƙasa. Sawun mutum shida a baya, yatsu a kafe. Na mutum ɗaya a gefe, a karkace. Kawu ya buɗe rumfarsa a karo na farko tun Litinin, na kai Sajan da Ciyaman da Likita bakin ƙofa na haska musu. Na ce Tsohuwa ba ta tashi, ga rotarta a aljihun Kawu. Mutum ɗaya ne ya fitar da ita, kuma mutumin ya gwammace ya karya bayansa da ya sa tafin hannu a jikinta. Ya ninke tamfol. Ya ja tiren mai don kada ya zube. Ɓarawon waje ba ya yi wa rumfa ladabi.

Mai-fenti ya miƙe yana goge hannu a wandonsa. Murmushinsa bai tafi ba. Ya ce duk mai mutunta mota haka yake turi, shi kansa a wurin Kawu ya gani tun yana saurayi. Wani ya ce Kawu ko igiyar takalminsa ba ya iya sunkuyawa ya ɗaure. Aka yi 'yar dariya, ta mutu da wuri. Mai-fenti ya ce to, a ce ma shi ne, ina motar? Ya haɗiye ta?

"Tana bayan ƙyallenka," na ce.

Filin ya ɗauki hayaniya. Ciyaman ya ce shekara talatin ba a taɓa buɗe wannan ƙofa da ƙyalle a jikinta ba, ba kuma za a fara a zamaninsa ba saboda yaron da ko takardar sakandare ba shi da ita. Na ce gaskiya ne ba ni da takarda, amma ina da kunne da hanci. Fenti kwana biyu yake ya bushe, yau ƙyallen nan kwanansa biyar. Ba a feshi sai da kwamfireso, injin iska, kuma tun Juma'a ba wanda ya ji kukansa. Na ce duk wanda ya ji warin tinar sirka fenti a makon nan ya ɗaga hannu. Ba wanda ya ɗaga. Na ƙara da cewa kullum bakin ɗakinsa kaɗai yake yayyafa wa ruwa, amma ranar Litinin jiƙar ta kai har ƙofar rumfarmu. Mai-zobe kuma ya karanta musu saƙon nan na zaɓen launi.

Mai-fenti ya daina murmushi. Ya ce da burushi da hannu ya yi gyaran, wani sabon fenti ne mai jinkirin bushewa, kuma motar ta mutumin da in ƙura ta taɓa ta zai rufe filin nan gaba ɗaya. Ya dubi sauran masu rumfa ya ce yau ƙyallensa ne, gobe na wani ne.

Wannan ta kama su. Na ga kawuna suna gyaɗawa. Sajan ya ce shi ba shi da takardar bincike, maganar fili ce. Baba Maigadi ya fara miƙewa daga bencinsa yana gyara hula, na girgiza masa kai ya koma. Ciyaman ya ce ga hukunci: duk wanda ya taɓa ƙofar nan aka tarar da ɗanyen fenti, yau ɗin nan zai kwashe kayansa, ba sai gobe ba.

Kawu ya tashi. Tashinsa yana ɗaukar lokaci, sai ya dafa gwiwa ya miƙe kashi-kashi. Ya ciro makullan rumfarsa ya sa wa Ciyaman a hannu. Ya miƙa mini hannu na ba shi nawa, ya ɗora a kai.

"Riƙe. Ka ga ba sai ka aiko ba."

Ya taka zuwa ɗakin fenti, mutane suna buɗa masa hanya. Ya tsaya a gaban ƙyallen. Ya ce da aka gina ɗakin nan, shi ya yage hannun jar rigarsa ya ɗaura na farko, don a kare aikin mutane, ba don a ɓoye kayansu ba. Ya kwance shi, ya sa a aljihu, ya dubi Mai-fenti.

"Za ka buɗe, ko in sa a kawo guduma?"

Mai-fenti ya laluba aljihunsa. Sannan ya jefa makulli a ƙasa.

Tana ciki. An rufe fitilunta da gilashinta da tsofaffin jaridu, an bi duk ƙarfenta mai ƙyalli da tef, aiki mai tsafta kamar kullum. Ga bokitin ruwa, ga sabon ƙunshin samfefa ta kankare fenti, ga gwangwanayen fentin share fage ba a fasa ba. Jikinta kuwa ja ne yadda yake. Sai a kafaɗar baya ta hagu, wuri ɗaya da bai fi faɗin kwabo ba, inda jan ya dushe.

Likita ta shiga ta sa yatsa kusa da wurin, ba ta taɓa ba.

Mai-fenti ya zauna a kan bokitin da ke kife a bakin ƙofa. Ya ce makullin ba wuya, kowa ya san ƙusar da Kawu ke rataye shi da rana, nan ya ɗauka aka yanka masa irinsa. Shekara ashirin da biyu yana sa motocin mutane suna ƙyalli, su zo su ɗauka ko sunansa ba su tambaya. Ya lissafa kwana uku zai yi ya gama, ta fita da sabon launi kowa yana kallo.

"Kullum sai in jiƙa samfefa in zo kanta," ya ce. "Sau ɗaya na goga. Wanda ya fesa jan nan ya mutu, kuma ban taɓa ganin hannu irin nasa ba. Na kasa."

Na tambaye shi, da ya tsaya mini ranar Litinin, ya san rumfar wa za a karɓe? Sajan ya dafa kafaɗarsa, ya miƙe ya bi shi.

Likita ta ce in na sake ɗaukar hoto in ɗauki wannan tabon ma, in rubuta a tallar yadda yake, wanda zai saya ya saya da saninsa. Mai-zobe ya ce tunda yanzu tana da tabo, ko za a duba tayinsa. Ta ce ya ci gyaɗarsa.

Muka yage jaridun ni da Kawu. Na ɗaga bonet, ya ciro rota, ya hura ta, ya zaunar da ita. Ya shiga da ƙyar, ya ja cok, ya taka totur sau biyu. A murɗawa ta biyu ta kama.

Ciyaman ya matso gefen taga da makullai a tafin hannu. Ya fara cewa ai duk ɗaya muke, shaiɗan ne ya shiga tsakani, abin da ya wuce. Kawu ya taka totur. Ciyaman ya jira ƙarar ta sauka, ya sake farawa. Kawu ya sake takawa, har kwanon rufin ɗakin yana rawa. A karo na uku Ciyaman ya yi shiru, ya miƙo makullan.

Kawu bai karɓa ba. Ya nuna mini kujerar gefensa da haɓa, na shiga.

"Tunda suna hannunka," ya ce da Ciyaman, "wuce gaba ka buɗe mana babbar ƙofar. Gaba ɗaya za ka ja ta, tana cijewa a tsakiya."

Ciyaman ya wuce gaba. Muka bi shi a giya ta ɗaya, a hankali, har tsallaken filin.